Filin Amsoshin Masu Karatu: Miji da mata a bayan sawun mai laifi

Wasiƙu uku na ɗauka a wannan fitowar, dukansu daga nan Legas, kuma a kan abu guda suke: littattafan binciken laifi waɗanda miji da matarsa ne suke bin diddigi har su gano bakin zaren. Ta farko ce za ta fi cin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Idi-Araba, ina ɗinki a gida. Wata maƙwabciyata Bayarabiya ta ara mini wani tsohon littafin Agatha Christie mai suna N or M?, labarin wasu ma'aurata, Tommy da Tuppence. Turancina ba mai zurfi ba ne, amma ban ajiye shi ba sai da na ga ƙarshensa. Abin da ya ɗaure mini kai, babu kalaman soyayya a ciki irin waɗanda muka saba, amma na fi jin ƙaunar da ke tsakaninsu fiye da ta littattafan da na sha karantawa tun ina budurwa. Maigidana yana tambayata me na gani a labarin kisa da leƙen asiri, na kasa ba shi amsa. Anti, me na gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Aure kika gani yana tafiya da ƙafafunsa, shekaru bayan an watse daga biki.

Yawancin labaran soyayyar da muka taso da su, da na Hausa da na Turanci, ɗaurin aure ne ƙarshensu. Waɗanda suka wuce nan kuma sukan faɗa cikin kishi, da uwar miji, da yaji, da saki. Ban raina su ba, domin waɗannan abubuwa suna nan a gidajenmu, kuma marubutanmu mata sun yi ƙoƙari wajen fito da su fili. Sai dai a duk irin waɗannan labarai, matsalar tana tsakanin mijin da matar ne, kowa yana kallon ɗan'uwansa a matsayin abin da za a warware. A littafin da kika karanta, matsalar tana waje, su biyun kuma suna gefe guda suna kallonta. Wannan kaɗai ya isa ya sanyaya zuciyar mai karatu.

Ki tuna yadda ya fara. Shekarar 1940 ce, Ingila tana cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Tommy yana da shekara 46, duk inda ya nemi a ba shi aikin yaƙi sai a ce ya tsufa, haka ita ma Tuppence. 'Ya'yansu tagwaye sun girma, suna ganin iyayen nan sai dai su zauna gida su huta. Sai ga wani jami'in leƙen asiri ya zo da aiki na sirri, na Tommy shi kaɗai, har da sharaɗin kada matarsa ta sani. Tuppence ta yi kamar ta fita, ta buga ƙofa, ta laɓe ta ji komai. Da Tommy ya gama kewaye-kewayensa ya isa gidan baƙin nan na bakin teku, sai ya tarar da ita zaune tana saƙa, da sunan wata bazawara. Abin da ya taɓa ni a wurin shi ne fuskar da Tommy ya karɓi abin da ita. Bai ji an raina shi ba. Alfahari ya yi da cewa matarsa ta fi manyan jami'an gwamnati wayo. Namijin da zai ji daɗi don matarsa ta riga shi gane abu, shi ne kika gani kika ji ƙauna, ko da bai buɗe baki ya ce yana sonta ba.

Akwai kuma dalili na sana'ar rubutun kanta. Labarin bincike ba ya tafiya sai mai binciken yana da wanda zai riƙa faɗa wa abin da ke ransa, in ba haka ba mai karatu ba zai san inda aka dosa ba. Shi ya sa shahararren mai binciken nan na littattafai Sherlock Holmes yake da Watson, Poirot, mai binciken da Christie ta ƙirƙira, kuma yake da Hastings. Amma waɗannan abokan tafiya da gangan ake rage musu kaifin basira, aikinsu su yi tambaya su yi mamaki. Matar aure ba ta zama haka. Za ta ce masa bai fahimta ba, za ta tuna masa abin da ya manta, ta san lokacin da yake ɓoye tsoro, shi ma ya san lokacin da ta yi gaggawa. Christie ta gina Tommy a matsayin mai tafiya a hankali, wanda ba ya yarda da abu sai ya ga hujja. Tuppence kuwa hankalinta yana tsalle ya dira kan amsa tun kafin hujjar ta iso. Kowannensu shi kaɗai zai ɓata, ɗaya don jinkiri, ɗaya don garaje. Saboda haka gardamar da suke yi a ɗaki ita ce binciken, kuma ita ce hirar soyayyarsu.

Sai tsoro. Idan aka kama Poirot aka ɗaure, kin san zai fita, ranki ba zai tashi sosai ba. Amma da Tommy ya ɓace a tsakiyar littafin, Tuppence ta ci gaba da wasan bazawara a gaban mutanen gidan, tana murmushi tana saƙa alhali ba ta san ko mijinta yana raye ba, duk matar da ta taɓa zaman jiran maigida har tsakar dare wayarsa ba ta shiga, yana can bayan gadar Third Mainland, ta san nauyin wannan shafin.

Abin da na fi so game da su shi ne Christie ta bar su sun tsufa. Poirot ya fito a littattafai fiye da 30 kusan da kamanninsa guda. Su kuwa waɗannan biyun mun haɗu da su a The Secret Adversary na 1922, saurayi da budurwa marasa aikin yi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, shekarunsu in an haɗa ba su kai 45 ba, suna lissafin kuɗin shayi. A Partners in Crime na 1929 sun yi aure, sun karɓi wani ofishin bincike suna kwaikwayon shahararrun masu bincike na cikin littattafai. Naki ya fito 1941. A By the Pricking of My Thumbs na 1968 sun yi furfura, suna ziyartar gwaggon Tommy a gidan kula da tsofaffi, inda wata tsohuwa ta yi wa Tuppence tambayar da ta hana ta sukuni. Na ƙarshe, Postern of Fate na 1973, sun haura saba'in, gwiwa tana ciwo, sun sayi tsohon gida, suka tsinci saƙo a ɓoye cikin wani littafin yara. Shi ne littafi na ƙarshe da Christie ta rubuta kafin rasuwarta a 1976, kuma gaskiya ya fi sauran rauni, maganganu suna maimaituwa, zaren yana kwancewa. Duk da haka ina ba da shawarar a karanta shi, domin ba kasafai marubuci yake raka ma'aurata tun daga zance har zuwa sanda ba. Ki lura kuma, littafin da ya fi nuna su cikin nishaɗin aure ya fito ne shekara guda bayan mutuwar auren Christie na farko a 1928. Sai dai yawancin labaran cikinsa sun fara fitowa a mujallu tun kafin rabuwar.

Game da maigida, kada ki tsaya yi masa bayani. Ki samo Partners in Crime, gajerun labarai ne. Bayan sallar isha'i ki ba shi labari guda da Hausa, ki tsaya kafin ƙarshe, ki ce ya faɗi wanda ya aikata. Ke ma ki faɗi naki in ba ki riga kin leƙa ba. Zai gane abin da kika gani.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ina harkar albasa a Mile 12. 'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare, ta nace in sayo mata irin waɗannan littattafai. Ina son ta ƙara Turanci, amma ina tsoron giya da rashin kunya da zubar da jini. Wanne zan saya, wanne zan bari, kuma a ina ake samu?

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa yarinya albarka. Tsoronka yana kan hanya, domin ba duka ne suka dace da ita ba.

Na Christie guda biyar da na ambata a sama ka saya hankalinka kwance. Akwai kisa, amma ba a tsayawa kwatanta jini, babu batsa, kuma mai laifi ba ya tsira. Turancinsu mai sauƙi ne, zai taimake ta a jarrabawa.

Wanda zan ce ka dakata da shi shi ne The Thin Man na Dashiell Hammett, wanda ya fito 1934. Shi ne ya fi shahara a wannan fanni: Nick Charles tsohon mai bincike da matarsa Nora 'yar masu kuɗi, da karensu Asta. Hammett ya taɓa aikin bincike da kansa a kamfanin Pinkerton na Amurka, don haka ya san yadda masu laifi suke magana, kuma raha tsakanin Nick da Nora tana da armashi ƙwarai, har aka yi finafinai shida a kansu daga 1934 zuwa 1947. Amma daga farkon littafin zuwa ƙarshensa kofin giya ba ya barin hannunsu, kuma an nuna abin kamar ado. Babba zai karanta ya tace, yarinya 'yar sakandare ta jira.

Na Dorothy L. Sayers, labarin Lord Peter Wimsey da Harriet Vane, su ne mafi zurfi a wurina, sai dai Turancinsu yana da nauyi, ga Faransanci da Latin a tsakani. A Strong Poison na 1930 Harriet tana gaban kotu ana tuhumarta da sa wa wani mutum guba, mutumin da ta zauna da shi ba aure, ka san da wannan. Wimsey ya wanke ta, ya nemi aurenta, ta ƙi, domin ba ta son auren da za a gina kan godiya. Sai a Gaudy Night na 1935 ta amince. A Busman's Honeymoon na 1937 suka tare a sabon gidansu suka tarar da gawar tsohon mai gidan a ɗakin ƙasa. Ƙarshen wannan littafin ba ya fita raina: daren da za a rataye wanda ya kama, Wimsey ya kasa barci, nauyin ran mutum ya danne shi, kuma wurin matarsa ya je da wannan rauni. Ka ajiye mata su zuwa lokacin jami'a.

Idan tana son tarihi, akwai na Elizabeth Peters, Amelia Peabody da mijinta Emerson, masu haƙar kayan tarihi a Masar. Na farko, Crocodile on the Sandbank, ya fito 1975, kuma marubuciyar ta yi digirin digirgir a tarihin tsohuwar Masar. Suna da ban dariya. Abu guda za ka ja mata kunne a kai, a nan da ma tsofaffin littattafan Ingila: da idon Bature na zamanin mulkin mallaka ake kallon Larabawa da baƙar fata, wani lokaci da raini. Ta karanta tana sane.

Wurin saye kuwa, masu gwanjon littattafai na Ojuelegba da Yaba ba sa rasa Christie, haka masu shimfiɗa a wajen CMS. Ka duba shafukan ƙarshe kafin ka biya, domin littafin bincike da ya rasa ganye biyu na ƙarshe ya tashi daga aiki. The Secret Adversary kuma yana nan kyauta a intanet, a shafin Project Gutenberg, za ta iya karantawa a waya.

Tambaya: Anti, ni ɗaliba ce a Agege, ina rubuta labarai ina sakawa a WhatsApp. Ina son in rubuta na miji da mata masu bincike da Hausa, amma ƙawayena sun ce ba zai karɓu ba, wai matar Bahaushe ba ta yawon bin ɓarayi. In haƙura?

Amsa: 'Yata, kada ki haƙura. Ƙawayenki sun ɗauka bincike gudu ne da bindiga. Bincike shi ne a ji abin da mutane ba sa son faɗa, kuma a wannan fage matar Bahaushe tana da ƙofofin da babu ɗan sandan da zai shiga.

Ki nemi littattafan Anne Perry na Thomas da Charlotte Pitt, waɗanda suka fara da The Cater Street Hangman a 1979, suka haura 30. Landan ce ta zamanin Sarauniya Victoria. Thomas ɗan sanda ne ɗan talakawa, idan ya je gidan masu hali ana kallonsa kamar ɗan aike, ana ba shi amsa a taƙaice. Charlotte kuwa 'yar gidan mutunci ce da ta auri wanda bai kai ta ba a idon danginta. Sai ta ari riga wurin 'yar'uwarta, ta je ziyarar shan shayi, ta zauna cikin matan gidan, ta ji wadda ba ta magana da wadda, da wanda bashi ya yi wa katutu, da 'yar aikin da aka kora ba dalili. Da dare su haɗa abin da ya samo a ƙofar gida da abin da ta samo a cikin gida, sai hoton ya cika.

To ina wurin da wannan tsari ya fi dacewa da shi fiye da namu? Mu ne muke rubuta "ba shiga" a ƙofa. Namiji iyakarsa zaure, ko masallaci, ko majalisa, ko teburin mai shayi. Mace ce take shiga har uwar ɗaki ranar suna, ita ce take zaman makoki kwana uku tana jin abin da ake raɗawa bayan an shafa fatiha. Mai kitso tana riƙe da kan mace awa biyu, kuma baki ba ya shiru a wannan zama. Dillaliya ta san wadda ta fitar da sarƙar gwal a ɓoye da ranar da ta fitar. Uwar adashi ta san wanda ya kasa zubi wata biyu sannan kwatsam ya biya duka. Duk waɗannan shaidu ne, kuma ba a buƙatar jarumarki ta cire mayafi ko ta hau katanga kafin ta same su.

Legas kuma ta ba ki abin da marubucin Kano ba shi da shi. A ce mijin ya zo daga Arewa da girmansa, yana rubuta lissafi wa dillalan shanu a mayankar Oko-Oba, ya san kuɗin kowace tirela da ta sauka. Matar kuwa haifaffiyar Agege ce, kakanninta sun zo fataucin goro, tana jin Yarbanci kamar Hausa. Kuɗin wani falke sun ɓace tsakanin mayanka da masauki, an kama yaron da kowa ya san bai ɗauka ba, kuma kafin maganar ta tashi daga gaban Sarkin Hausawa ta koma Panti, ofishin 'yan sandan binciken manyan laifuka, kwana biyu ne kawai. Shi yana bin takardu da direbobi. Ita tana jin abin da matan gidan haya suke faɗa a bakin famfo da Yarbanci, suna zaton ba ta ji. Ga labari nan, kuma babu wanda zai ce ba namu ba ne.

Amma fannin yana da ƙa'ida, kuma masu karatunsa ba sa yafewa. Tun 1929 wani malamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya rubuta dokoki goma na labarin bincike, biyu daga ciki su ne za su fi yi miki amfani. Ta ɗaya, duk alamar da mai bincike ya gani, dole mai karatu ma ya gan ta. Ta biyu, ba a warware laifi da abin da ya fi ƙarfin hankali. Wannan ta biyun ita ce jarrabawar marubutanmu, domin da labari ya cije sai a kira aljani, ko boka, ko mafarki. Mutanen cikin labarinki suna iya yarda cewa asiri aka yi, haka mutane suke, amma amsar ƙarshe ta zama hannun ɗan Adam ne, da dalilin da za a iya nunawa.

Kada kuma ki mai da mijin sakarai don matar ta haska, ko matar ta zama mai kawo abinci kawai tana cewa "Allah ya ba da sa'a". Kowannensu ya yi kuskure sau ɗaya, ɗayan ya gyara. Ki bar su su yi saɓani na gaske, misali wanda ake zargi ɗan'uwan mijin ne, matar ta riga ta gane, tana neman bakin da za ta faɗa masa. A nan ne labarin bincike da labarin aure suke zama abu guda. Kuma kada ki manta da gidan: kuɗin makarantar yara, wutar da aka ɗauke, tukunyar da ke kan wuta lokacin da waya ta shigo.

In kina da wanda za ku yi aikin tare, ba sabon abu ba ne. Frances da Richard Lockridge, miji da mata a Amurka, sun rubuta littattafai 26 na Mr. and Mrs. North daga 1940. Ita take ƙulla makircin, shi yake zuba shi a takarda, kuma da ta rasu a 1963 bai sake rubuta ko ɗaya a kan waɗannan ma'auratan ba.

Kafin ki saki babi na farko a WhatsApp, ki rubuta a takarda daban wanda ya aikata laifin, da dalilinsa, da alamu uku da za su tona shi, da babin da kowace alama za ta fito. Masu sakin labari babi-babi sukan fara ba su san ƙarshe ba, kuma wannan fannin ba ya ɗaukar haka. Idan kin gama babi biyu ki aiko ta adireshin mujalla, zan karanta.